Mesata tana numfashi da ƙara, kumfa na fita a bakinta: ina neman shawara

Auwal Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina neman shawara a kan mesar da nake kiwo, irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiyar jikinta idan ta tsorata, wadda masana suke kira Python regius. Na saye ta da damina a hannun wani mai sayar da dabbobi da ke kawo su daga Kudu, tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, kuma har zuwa kaka tana cin ɓera ba gardama. Da hunturu ya kama sai ta daina ci, amma ban damu ba domin an gaya mini sukan yi haka. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yanzu ina jin wata 'yar ƙara idan tana numfashi, wani lokaci takan buɗe baki ta bar shi a buɗe, kuma jiya na ga kumfa a gefen bakin, da wani yawu mai yauƙi da ta shafa a jikin gilashi. Da dare takan jingina da bangon akwatin ta miƙar da kanta sama ta daɗe a haka. Saɓar da ta yi ta ƙarshe ma ba ta fita gaba ɗaya ba, akwai ragowa a wuya da kan idonta na hagu. Akwatin na gilashi ne irin na kiwon kifi, an rufe samansa da raga, na shimfiɗa dusar katako a ƙasa, kuma akwai ƙwan fitila mai zafi da nake kunna mata idan an kawo wuta. Likitan dabbobin da ke unguwarmu ya ce shi bai taɓa duba maciji ba.

Malam Sule:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai kaji da tantabaru nake kiwo, amma a ganina dabbar da ta daɗe ba ta ci ba dole jikinta ya yi rauni, kuma rauni ne ke jawo sauran cututtuka. Ka fasa ɗanyen ƙwai ka ɗura mata da sirinji, ka kuma fasa kafso ɗaya na maganin da muke ba kaji idan suna mura ka zuba mata a ruwan sha. Idan ka ga alamar tana jin jiki, ɗan ɓallin farasitamol ba zai yi mata illa ba.

Dakta Hadiza:
Malam Sule, na san da kyakkyawar niyya ka kawo wannan shawara, amma ina roƙon Malam Auwal kada ya aikata ko ɗaya daga cikin ukun, musamman na ƙarshe. Farasitamol guba ne ga maciji. A tsibirin Guwam, inda wani maciji baƙo ya ƙarar da yawancin tsuntsayen dajin wurin, hukumomin Amurka da shi suke kashe macizan: ana saka miligiram 80 a cikin mataccen ɓera a jefa a daji, wanda ya haɗiye ya mutu. Ƙwaya ɗaya ta manya da muke sha miligiram 500 ce, don haka ko ɓalli aka yi yana iya halaka ta.

Abin da ka bayyana, Malam Auwal, alamun ciwon hanyar numfashi ne, kuma tun da ya kai ga kumfa da buɗe baki, ina zargin ya sauka huhu. Maciji ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, wanda mu muke tari da taimakonsa, saboda haka ba ya iya yin tari ya fitar da kaki. Duk majinar da ta taru a hanyar iskarsa a nan take zama, shi ya sa ka ga tana miƙar da kai sama tana buɗe baki, tana neman yadda iska za ta wuce ne. Dabbar da ke cikin wannan hali idan aka ɗura mata ƙwai, ko dai ta amayar da shi, ko ya bi ta ƙofar maƙogwaro, wadda a wurin maciji take a ƙasan baki daf da harshe, ya shiga huhun da dama yake cike. Batun ƙin cin abinci kuwa ba shi ne na gaggawa ba, domin babbar mesa irin wannan takan yi watanni ba ta ci ba lokacin sanyi ba tare da ta rame sosai ba. Kafso a ruwan sha kuma ba ya aiki, saboda maciji ba ya shan ruwa kullum, babu mai iya sanin nawa ya shiga jikinsa.

Kafin in ci gaba ina so ka amsa mini wasu tambayoyi. Nawa ne zafin cikin akwatin da asuba, a ƙasa inda take kwanciya? Tana da wurin ɓuya? Idan ka kifar da ita a bayanta tana juyowa da kanta nan take? Ɓerayen da kake ba ta daga ina suke, kuma akwai wani maciji a gidan?

Nura Tudun Wada:
Dakta, ranki ya daɗe, akwai abin da ban gane ba. Wannan dabba 'yar ƙasar nan ce, ana samun ta tun daga Senegal har Sudan da Yuganda, kuma babu mai kunna mata fitila a daji. Turawan da ke kiwon ta a ƙasashen ƙanƙara su ne ke buƙatar na'urar ɗumama wuri. Ta yaya sanyin Kaduna zai kwantar da macijin Afirka?

Baba Ɗanjuma:
Nura, yaro na, tambayarka tana kan hanya, amma ka tambayi duk wanda ya yi farauta zai gaya maka cewa da hunturu ba ka ganin wannan mesa a sarari. Tana can cikin shuri ko tsohon ramin gafiya, ƙasa sosai, inda iska ba ta kaɗawa. Wanda ya taɓa tura hannu cikin ramin da aka haƙa a shuri da sassafe ya san wurin yana da ɗumi, ƙasar kuma da laima, alhali a waje leɓe yana tsagewa. Ita ta san inda za ta je idan sanyi ya sauko, ta san inda za ta koma idan rana ta take. Wanda ya sa ta a gilashi ya raba ta da wannan zaɓi, sai abin da ya ba ta. Tun da an riga an tsare ta, haƙƙinta yana wuyan mai ita, kuma kowa ya san abin da aka faɗa game da matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Auwal Kaduna:
Na gode Baba, na gode Dakta. Na ari ma'aunin zafi irin na masu ƙyanƙyasar ƙwai, wanda ke nuna danshin iska ma, na ajiye shi a ƙasan akwatin ya kwana. Da asuba ya nuna digiri 18, danshi kuma kashi 22 cikin ɗari, domin an ɗauke wuta tun kafin tsakar dare. Wurin ɓuya akwai kwali guda ɗaya a gefen fitilar. Na kifar da ita, ta juyo nan da nan ba tare da tangaɗi ba. Ba ni da wani maciji. Ɓeraye kuwa yara ne ke kamo mini da tarko a wani ɗakin ajiyar hatsi da ke kusa da mu.

Dakta Hadiza:
To, ga amsar tambayar Nura nan a ma'aunin. Wannan mesa tana buƙatar gefe ɗaya na mazauninta ya kasance tsakanin digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen kuma 25 zuwa 27, kada ya sauka ƙasa da 24 ko da dare, danshin iska kuwa ya kai kashi 55 zuwa 65, a ƙara shi lokacin saɓa. Jikinta ba ya samar da zafi da kansa, kuma garkuwar jikinta da narkewar abincinta duk a kan zafin wurin suka dogara. A digiri 18 ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a bakinta ba su yi mata komai ba sukan samu dama su yaɗu, busasshiyar iska ta busar da hanyar numfashi ta sa majina ta yi kauri, ƙurar hunturu da ta dusar katako su ƙara. Saɓar da ta maƙale ma daga wannan bushewa ce. Na ji daɗi da ka ce tana juyowa da kyau, domin akwai wata cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwar mesa, wadda ke sa ta kafe kai sama tana karkata, ta kasa juyowa, kuma ita ba ta da magani.

Ga abin da za ka yi tun yau. Ka fitar da ita daga gilashin, domin gilashi mai rufin raga ba ya riƙe zafi ko laima. Ka sami babbar robar ajiyar kaya mai murfi mai kamawa, ka huda ƙananan ramuka a gefe biyu don iska ta riƙa ratsawa, ka shimfiɗa farar takarda ko tsohuwar jarida a maimakon dusa. Takarda za ta nuna maka kashinta da duk abin da ya fito daga jikinta, kuma dusar da ake kwasowa wurin 'yan katako gauraye take da itatuwa iri-iri, wasu masu mai da ke ƙona hanyar numfashi. Ka sa mata maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, masu matse jiki, da kwanon ruwa mai faɗi wanda ba za ta kifar ba. Ka kai robar ɗakin da ya fi ɗumi a gidan, ka ɗaga ta daga kan siminti. Yayin da take jinya ka riƙe gefen ɗumin a 32 zuwa 33 dare da rana, ka daina ɗaukar ta sai da dalili, kada kuma ka ba ta abinci. Wannan duk tallafi ne, ba zai maye gurbin ganin likita ba, domin ciwon da ya kai wannan mataki da wuya ya warke da ɗumi kaɗai.

Nura Tudun Wada:
Na gamsu da bayanin Baba da na Dakta. Sai dai maganar riƙe zafi dare da rana tana da wuya a inda wuta ba ta tsayawa. Me zai hana ya sa kaskon gawayi a ɗakin, kamar yadda masu kiwon 'yan tsaki suke yi?

Maryam Manchesta:
Sallama gare ku. Ina kiwon irin wannan mesa a nan Ingila, kuma ina so in ce wani abu a kan ɗumama wuri. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne ga mutanen gidan kafin ma a zo kan mesa, saboda iskar gubar da yake fitarwa wadda ba a gani ba a jin warinta, sannan yana ƙara busar da ɗakin, dabbar kuma da ma numfashi ne matsalarta. Abin da ya fi sauƙi idan an ɗauke wuta shi ne a cika gora da ruwan zafi, a naɗe ta da tawul, a jingina ta a jikin robar daga waje, a lulluɓe duka da bargo a bar kafar iska, a sake ruwan idan ya huce. Kada a sa gorar a ciki inda za ta hau kai. Maciji ba ya gane zafin da ke ƙona cikinsa da wuri, yakan kwanta a kan abu mai zafi har fatar ciki ta sale, kuma ƙuna a wurinsu tana daɗewa ba ta warke ba. Ƙwan fitilar da ba shi da kariya ma haka yake, sukan naɗe shi. Idan da hali, akwai 'yar tabarmar lantarki da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na robar, wutar da take ci ba ta kai ta ƙaramar fanka ba, ƙaramin batirin sola zai riƙe ta har safe, amma dole a haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai adadin da aka saita.

Inda nake da ja da Dakta shi ne batun danshi. Na sha jin masu kiwo a nan suna cewa idan maciji yana ciwon huhu a rage laima, domin laima ce ke raya ƙwayoyin cuta. Sannan ina ganin ya kamata a ambaci cutar nidobairas, wata cutar bairas da ke kama hanyar numfashin macizai, wadda aka fara bayyana ta a jikin irin wannan mesa a 2014. Alamunta su ne waɗannan da Malam Auwal ya lissafa, yawu mai yauƙi da jan baki da wahalar numfashi, kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Mutum zai iya kashe kuɗi a kan allurai alhali abin da ke damun dabbar daban ne.

Dakta Hadiza:
Hajiya Maryam, na yarda da duk abin da kika faɗa a kan ƙuna da gawayi. A kan danshi kuwa, abu biyu ne ake haɗawa. Shimfiɗa mai jiƙe a akwatin da iska ba ta ratsawa ita ce ke kawo ruɓewar fatar ciki da yaɗuwar ƙwayoyin cuta, kuma wanda ke zaune a ƙasa mai yawan ruwa irin taku yana da dalilin jin tsoron ta. Iska mai laima a kan busasshiyar shimfiɗa kuwa ita ce ke sassauta majina. Malam Auwal yana kan kashi 22 ne, babu abin da zai rage. Hanya mai sauƙi a wurinmu ita ce ya sami ƙaramin kaskon ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ba, ya fasa masa ƙofa a baki, ya goge kaifin, ya jiƙa shi da ruwa ya bar shi ya tsane, sannan ya kife shi a gefen ɗumi. Yumɓu yana shan ruwa ya riƙa sakin sa a hankali, cikin kaskon ya yi laima, takardar ƙasa kuma ta zauna a bushe. Wannan zai taimaka wa saɓar da ta maƙale. Ta kan idon kada ya sa farce ko hantsaki, domin mutane da dama sun makantar da macizansu a wurin ƙoƙarin ɓare ta. Sau da yawa takan fita da kanta a saɓa ta gaba idan laima ta daidaita.

Nidobairas gaskiya ce, kuma ba zan iya kawar da ita daga nesa ba. Ana gano ta ne da gwajin ƙwayar halitta daga abin da aka shafo a baki, ba ta da magani, wadda ta rayu da ita kuma tana iya ci gaba da yaɗa ta, shi ya sa duk mai macizai da yawa ya kamata ya ware sabon da ya sayo na aƙalla wata uku. Amma an fi samun rahotonta a gidajen da ake tara macizai da yawa, kuma ko da ita ce, bakteriya sukan hau kai su ƙara tsananta ciwon, don haka jinyar farko ɗaya ce. Ga dabbar da ta kwana a digiri 18, ba sai an je nesa neman dalili ba.

Ibrahim Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ina so Malam Auwal ya san irin dabbar da ke hannunsa. Gana da Togo da Binin su ne manyan masu fitar da wannan mesa zuwa Turai da Amurka, kuma tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato ba a fitar da ita daga ƙasa sai da takardar izini. Yadda sana'ar take, mafarauta suna haƙo mata masu ciki da ƙwayaye daga ramuka a farkon shekara, a ƙyanƙyashe a gona, a fitar da 'ya'yan. Babbar da ta haura mita, wadda aka saya a hannun ɗan kasuwa a yankinmu, kusan tabbas daga daji aka kamo ta, ta kuma zauna a buhu ko akwati tare da wasu kafin ta iso. Irin waɗannan sukan zo da kaska maƙale tsakanin ɓawon fata, da tsutsar ciki, kuma sun fi waɗanda aka haifa a gida saurin daina cin abinci. Ka duba ta da kyau a wuya da kusa da dubura da gefen ido. Idan kuma mace ce, a tuna cewa yanzu lokacin ɗaukar ƙwai ne, ko da yake tun da ta daɗe ita kaɗai ban sa ran haka ba.

Malam Sule:
Na karɓi gyara a kan maganin, Allah ya saka wa Dakta. To idan an sami kaskar ko wasu ƙwari fa? Mu a ɗakin kaji fiya-fiya muke fesawa, ko mu shafa kananzir.

Dakta Hadiza:
Fiya-fiya da kananzir duka suna kashe maciji, ko da warinsu ne a rufaffen akwati, haka ma magungunan wanke ɗaki masu sinadarin fenol irin su Izal da Dettol. Kaska da hannu ake cire ta, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali har kan ya fito, a shafa aidin da aka tsarma da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini da ke taruwa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, alamarsu ita ce maciji ya riƙa kwana a cikin kwanon ruwa, a ga ɗigo-ɗigo baƙi a ƙasan kwanon. Farar takardar da na ce a shimfiɗa za ta tona su. Idan an gan su a gaya wa likita, shi zai zaɓi maganin da dabba marar lafiya za ta iya ɗauka. Robar kuwa ruwan zafi da sabulu sun isa, a ɗauraye sosai a shanya.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran da ke kamo ɓeraye a ɗakin hatsi. Malam Auwal, don Allah a dakatar da wannan. Ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, a irin waɗannan wurare yake zama, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa, kuma da rani cutar ta fi yaɗuwa. Ban da haka, masu hatsi suna zuba maganin ɓera, wanda ya ci bai mutu ba tukuna shi ne ya fi sauƙin kamawa, gubar kuma ta wuce cikin mesar. Ita kanta mesar, kamar sauran dabbobi masu jan ciki, tana iya ɗauke da salmonela, ƙwayar cutar da ke sa mutum gudawa da zazzaɓi, a kashinta ba tare da ta nuna alama ba. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, kada a wanke kwanonta inda ake wanke-wanken abinci, kuma a nisanta ta da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mai juna biyu.

Dakta Hadiza:
Sista ta yi gaskiya, kuma zan ƙara abu ɗaya da ya haɗa maganarta da ta Malam Ibrahim. Akwai wata halitta mai kama da tsutsa, Armillifer armillatus, da ke zama a huhun mesoshin Afirka ta Yamma. Ƙwayayenta suna fita ta yawu da kashi, ɓera ya ci, mesa ta ci ɓeran, haka take zagayawa, kuma mutum ma yana kamuwa idan ƙwayayen suka shiga bakinsa. A mesar da aka kamo daga daji, mai ciwon numfashi, wadda ake ciyarwa da ɓerayen waje, dole likita ya neme ta. Saboda haka ka sa safar hannu idan za ka goge yawun nan, kuma idan ta yi kashi ka ɗebe shi a leda mai tsabta ka tafi da shi.

Game da inda za ka je, ka nemi asibitin koyarwa na likitancin dabbobi. Mafi kusa da kai shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma a Sakkwato da Maiduguri ga waɗanda ke can. Ka fara tambaya ko akwai likitan da ya saba da namun daji. A hanya ka sa ta a jakar matashin kai ka ɗaure bakin, ka sa jakar a kula tare da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe, kada ka ajiye ta a but ɗin mota ko inda rana ke duka, domin zafin da ya wuce digiri 35, idan ya daɗe, yana kashe ta da sauri fiye da yadda sanyi ke yi.

Auwal Kaduna:
Ina sake godiya ga kowa. Na mayar da ita roba, na sa kaskon, da gora da bargo ma'aunin yana nuna 31 a gefen ɗumi, danshi ya kai 58. Na kuma sami likitan da ya duba ta. Ya auna ta, nauyinta giram 1,350, ya ce ba ta rame ba domin ƙashin bayanta bai fito ba. Da ya buɗe bakin da wani ɗan lallausan abu na roba sai ga dasashin ya yi ja da ɗigo-ɗigon jini, da wani farin abu mai kauri maƙale a gefen haƙora, ya ce ciwon baki ne ya fara, ya wanke shi. Ya cire kaska biyu a ƙarƙashin wuya, ya ɗebi majina don a gwada a ga maganin da zai kama ƙwayar cutar, ya kuma fara yi mata allurar seftazidim, maganin kashe bakteriya, wadda ya ce bayan kowane kwana uku ake maimaitawa. Yau ban ga kumfa ba, ko da yake ƙarar tana nan. Shin idan ta lafa zan iya dakatar da allurar, tun da zuwa wurinsa yana da nisa? Kuma yaushe zan gwada ba ta abinci?

Dakta Hadiza:
Alhamdu lillahi, an kama hanya. Kada ka dakatar da allurar don ka ga sauƙi. Jikin maciji a hankali yake sarrafa magani, shi ya sa ake ba da tazarar kwana uku, kuma jinyar huhu a wurinsu takan ɗauki makonni. Idan aka yanke a tsakiya ciwon yakan dawo da ƙwayoyin da maganin ba ya ji. Idan nisa ne matsalar, ka roƙi likitan ya rubuta adadin ya kuma nuna wa likitan unguwarku yadda ake yi: a tsokar gefen ƙashin baya, a kashi ɗaya cikin uku na gaban jiki, allurar ta shiga tsakanin ɓawo biyu, a riƙa sauya gefe. Maganin kuma a firji ake ajiye shi bayan an haɗa, don haka ka tambaye shi yadda za a yi da rashin wuta. Idan sakamakon gwajin ya nuna wani maganin ne ya dace, zai canza.

Abinci sai ƙarar ta ɗauke, bakin ya warke, an kuma gama allurai da kamar mako guda. Ka fara da ɓera ƙarami, wanda bai kai kaurin tsakiyar jikinta ba, daga wurin masu kiwon fararen ɓeraye, a kashe shi tukuna a miƙa mata da ɗumi bayan magariba, domin ɓera mai rai yakan ciji macijin da ba ya son ci har ya yi masa mummunan rauni. Idan ta ƙi, ka ɗauke ka jira kwana goma. Ka riƙa auna ta duk mako biyu kana rubutawa, idan ta rasa kashi goma cikin ɗari na nauyinta, wato ta sauka ƙasa da giram 1,215, ka koma wurin likita ko da numfashin ya daidaita.

Maryam Manchesta:
Malam Auwal, ba ka ambaci gwajin kashin ba. An samu an yi?

Auwal Kaduna:
Ba ta yi kashi ba tukuna, Hajiya, tun da ta daɗe ba ta ci ba. Likitan ya ce zai duba majinar da ya ɗiba ko akwai ƙwayayen tsutsar huhun a ciki, kashin kuma in kai masa duk ranar da ta yi, kafin ya bushe.